Zuciyar Ekklesiya da Kiran da Aka Yi Mata



Duk wanda ya saba zama har ƙarshen Misa ranar Lahadi ya san yadda sanarwa take tafiya a majami'unmu. Kwamitin gini yana neman kuɗin kwano da siminti. Ranar godiyar kaka ta ƙarato, kowane gida ya san abin da aka yanka masa. Zumuntar mata za ta fitar da sabon anko, mawaƙa suna bukatar ganga, matasa kuma suna neman motar da za ta kai su taro. Ba mu ga laifin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, mu firistoci ma mu ne muke sa hannu a takardar kafin a karanta ta. Amma da a ce wani baƙo wanda bai taɓa jin sunan Yesu ba zai zauna a bencin baya makonni huɗu yana sauraron sanarwa kaɗai, me zai ce Ekklesiya take yi a duniya? Mai yiwuwa ya ɗauka cewa ƙungiyar ci gaban gari ce wadda take son waƙa.

Saboda haka a darasinmu na wannan wata muna so mu tambayi kanmu: mene ne abin nan guda wanda in aka cire shi, ko da ginin yana tsaye, bencina cike, asusu kuma da kuɗi, Ekklesiya ta riga ta mutu?

Sunan da muke amsawa

Kalmar Ekklesiya daga harshen Helenanci ta zo mana. A biranen Helenawa na dā, idan wata magana ta taso wadda ta shafi gari duka, sai mai shela ya fita ya kira 'yan gari su bar gidajensu da sana'o'insu su hallara wuri ɗaya. Wannan taro na waɗanda aka kira shi ake cewa ekklesiya. Sa'ad da Yahudawa suka juya Tsohon Alkawari zuwa Helenanci, tun kafin haihuwar Ubangijinmu, da wannan kalma suka kira taron Isra'ila a gaban Allah. Manzanni suka gaje ta daga can.

Ashe tun daga sunanmu an gaya mana cewa ba mu muka kafa kanmu ba. Ƙungiya, mutane ne suke kafa ta, su rubuta mata dokoki, su zaɓi shugaba da ma'aji, in sun gaji su raba abin da ya rage a asusu kowa ya kama gabansa. Ekklesiya kuwa kiranta aka yi. Waliyyi Markus ya ba mu labarin a sura ta 3: Yesu ya hau dutse, ya kira waɗanda shi kansa ya ga dama, ya keɓe goma sha biyu. Dalili biyu Markus ya bayar, ya kuma jera su yadda ya kamata. Na fari shi ne su zauna tare da shi. Na biyu shi ne ya aike su. Zama tare da shi ne ya riga aike. Yawancin wahalar da muke sha a aikin Allah daga nan take, domin mukan tashi da gudu mu tafi aike ba mu tsaya mun ji saƙon daga bakin mai aiken ba.

Jama'ar da ta fi mu rikici

Idan wani yana tsammani Kiristocin farko mala'iku ne, sai ya karanta wasiƙar Waliyyi Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa. Bulus ya yi shekara ɗaya da rabi a Korinti, babban birnin kasuwanci mai tashoshin jiragen ruwa, yana ɗinkin tanti yana koyarwa. Da ya tafi sai jama'ar ta rarrabu: waɗansu na Bulus, waɗansu na Afolos, waɗansu na Kefas. Suna kai juna ƙara gaban alƙalan da ba su ba da gaskiya ba. In sun taru domin jibin Ubangiji, masu hali sukan ci su sha har su bugu, matalauta kuwa su koma gida da yunwa. A kan baye-bayen Ruhu ma gasa suke yi, kowa yana so a san nasa ya fi.

Ga irin wannan jama'a ne Bulus ya rubuta sura ta 12, inda ya kwatanta Ekklesiya da jiki ɗaya mai gaɓoɓi da yawa, ido yana bukatar hannu, kai yana bukatar ƙafa. Daga nan ya shiga sura ta 13, surar ƙauna. Mun saba jin wannan sura a ranar ɗaurin aure, amarya da ango suna murmushi, har mun manta cewa Bulus bai rubuta ta domin biki ba. Ya rubuta ta ne ga majami'ar da take faɗa da kanta. Ya gaya musu cewa ko harsuna, ko annabci, ko bangaskiyar da take kawar da dutse, ko rabar da dukiya duka ga matalauta, ko ba da jiki a ƙone, in babu ƙauna a ciki to banza ne. A lura da abubuwan da ya lissafa. Babu zunubi ko ɗaya a cikinsu. Dukansu ayyukan addini ne, irin waɗanda muke yaba wa mutum a kansu.

Abin da wata yarinya ta gani

Ƙarni goma sha takwas bayan Bulus, wata matashiya a ƙasar Faransa ta buɗe waɗannan surori biyu tana neman amsa. Sunanta Tereza, wadda muke kira Waliyiya Tereza ta Yaro Yesu, muna kuma tunawa da ita kowace ranar 1 ga Oktoba. An haife ta a ranar 2 ga Janairu 1873. Mahaifiyarta ta rasu tana da shekara 4. A 1888, tana da shekara 15, ta shiga gidan sistocin Karmel a garin Lisiyo, gidan da ake shiga ba a fita, inda mata ashirin da 'yan kai suke zaman addu'a da aikin hannu. Ba ta sake taka waje ba har ta rasu a ranar 30 ga Satumba 1897, tana da shekara 24, bayan doguwar jinya ta tarin fuka.

A watan Satumba na 1896 yayarta Mariya, wadda ita ma sista ce a gidan, ta roƙe ta ta rubuta abin da Allah yake koya mata. A rubutun nan ne Tereza ta bayyana damuwar da ta daɗe tana cinta. Zamanta na sista bai ƙosar da ita ba. Tana so ta zama sojan Kristi, ta zama firist, ta zama manzo mai kai bishara ko'ina a duniya, ta zama malamar Ekklesiya, ta kuma mutu shahada. Ga ta kuwa cikin katanga huɗu, aikinta shara da wanki. Da ta karanta sura ta 12 sai ta duba gaɓoɓin da Bulus ya ambata ɗaya bayan ɗaya, ba ta ga kanta a ko ɗaya ba. Ta ci gaba zuwa sura ta 13. A can tunani ya zo mata: in dai Ekklesiya jiki ce, to ba za ta rasa gaɓar da ta fi kowace muhimmanci ba. Lalle tana da zuciya, zuciyar nan kuwa ƙauna ce. Ƙauna ce take motsa sauran gaɓoɓi. Ranar da ta mutu, manzanni za su daina wa'azi, shahidai kuma za su ƙi ba da jininsu. Tereza ta gane cewa a nan ne wurinta yake, kiranta kuma shi ne ta yi ƙauna, ta haka za ta sami rabo cikin aikin kowace gaɓa.

Wani zai iya cewa wannan zancen yarinya ne mai taushin zuciya wadda ba ta san duniya ba. Sai mu duba lokacin da ta rubuta shi. A daren Alhamis Mai Tsarki na shekarar 1896 ta fara tofar da jini. Kwanaki kaɗan bayan Ista wani duhu ya rufe ranta, har tunanin sama, wanda tun tana ƙarama yake faranta mata rai, ya zama mata kamar bango. Duhun nan bai rabu da ita ba har mutuwarta, wata goma sha takwas. Wato sa'ad da take rubutu a kan ƙauna, ba ta jin daɗin kome a addu'a. Ƙaunar da take nufi ba ta dogara ga abin da mutum yake ji a jikinsa ba.

To, yaya ta yi ta? Akwai wata tsohuwar sista mai ciwon gaɓoɓi da yawan mita, wadda kowa yake gudun hidimarta. Tereza ta ɗauki nauyin raka ta daga wurin addu'a zuwa ɗakin cin abinci kowace yamma, ta riƙe ta a hankali, ta yanka mata burodi, ta yi mata murmushi kafin ta tafi. A wurin wanki wata takan fantsa mata ruwan datti a fuska ba da sani ba, ita kuwa ta hana kanta ko share fuskar a hanyar da za ta kunyata 'yar'uwarta. Akwai kuma wata sista wadda halinta duka bai yi wa Tereza daɗi ba, amma ta riƙa kyautata mata har matar ta ɗauka ita ce wadda Tereza ta fi so a gidan. Waɗannan ne manyan ayyukanta. Ban da su sai addu'a da wasiƙu ga matasa biyu masu aikin bishara, ɗaya ya tafi ƙasar Sin, ɗayan kuma daga baya ya zo Afirka, ƙasar da yanzu ake kira Malawi.

Ekklesiya ta auna wannan rayuwa ta yanke hukunci. Paparoma Piyus na Goma Sha Ɗaya ya sanya ta cikin waliyyai a 1925. A 1927 ya naɗa ta majiɓinciyar aikin bishara a duniya duka, daidai da Waliyyi Faransis Zabiya, wanda ya ratsa teku ya kai bishara Indiya da Japan. Mai yawo da wadda ba ta taɓa fita ba, an ba su matsayi ɗaya. A ranar 19 ga Oktoba 1997 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ƙara mata sunan Malamar Ekklesiya, ita da ba ta taɓa shiga makarantar tauhidi ba. Mu da muka yi shekaru a seminari muna haddar littattafai, wannan abu ya isa ya sa mu sunkuyar da kai.

Inda zuciya take samun jini

Masana sun ce zuciyar mutum ba ta wuce girman dunƙulen hannunsa ba, tana kuma bugawa wajen sau 100,000 a kwana ɗaya. Ba wanda yake ganinta, ba wanda yake yi mata sannu da aiki. Ba ta ƙirƙirar jini, karɓa take yi ta tura. Haka ƙaunar Ekklesiya take. Ba daga kirkinmu take fitowa ba, domin kowa ya san iyakar kirkinsa. Waliyyi Yohanna ya koya mana a wasiƙarsa ta fari cewa Allah ne ya fara ƙaunarmu, tamu kuwa amsa ce. Wurin da muke karɓar wannan ƙauna da hannunmu da bakinmu shi ne bagade. Shi ya sa Majalisar Vatikan ta Biyu, a takardarta a kan Ekklesiya mai suna Lumen Gentium, wadda ta fito a 1964, ta koyar da cewa daga hadayar Misa ne rayuwar Kirista duka take ɓuɓɓugowa, can kuma take komawa.

Kakanninmu cikin bangaskiya a nahiyar nan sun san haka tun kafin a rubuta. A shekara ta 304, zamanin da Sarki Diyokletiyan na Roma ya haramta taron Kirista, aka kama mutum 49 a garin Abitina, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, suna Misa ranar Lahadi a gidan wani daga cikinsu. Akwai maza, akwai mata, akwai yara. Aka kai su Kartaj gaban gwamna. Da aka tambayi ɗaya daga cikinsu, mai karatu a majami'a, dalilin da ya sa ya bar mutane suka taru a gidansa bayan sarki ya hana, sai ya amsa cewa ba za su iya rayuwa ba in babu abin da suke yi ranar Ubangiji. Suka mutu a kan haka. Ba su da majami'a, ba su da fili, ba su da makaranta, amma ba wanda zai ce Ekklesiya ba ta cika a Abitina ba.

Muna tuna wannan duk lokacin da muka je ƙauyukan da firist ba ya kaiwa sai bayan wata ɗaya ko biyu, inda katekis yake riƙe da jama'a da karatun Lahadi, tsofaffi kuma su tako mil da yawa a ƙafa ranar da suka ji Fada zai zo. Sa'an nan mu dawo gari mu tarar da wanda gidansa yake kallon majami'a ya shigo bayan Bishara, ya fita kafin albarka. Ba domin mu kunyata kowa muke faɗa ba. Mu ma da muke tsaye a bagade mukan yi Misa hankalinmu yana kan ɗan kwangila.

Jinin da bai zagaya ba

Zuciyar da ta karɓi jini ta riƙe ba ta tura ba, mai ita ya mutu. Majalisar Vatikan ta ce Ekklesiya bisa ga halittarta mai aike ce, Paparoma Bulus na Shida kuma a 1975 ya ƙara bayyana cewa dalilin kasancewarta shi ne shelar bishara. Da waɗansu ba su ɗauki wannan da gaske ba, da ba mu nan. A watan Fabrairu na 1907, shekara goma bayan rasuwar Tereza, Fada Oswald Waller da abokan aikinsa biyu na ƙungiyar SMA suka sauka a Shendam, suka kafa tashar Katolika a can. Daga irin waɗannan ƙananan mafari ne diyosis-diyosis ɗin arewa suka tsiro, ta hannun firistoci baƙi da kuma katekis-katekis 'yan ƙasa waɗanda yawancinsu ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba.

Aiken nan bai tsaya ga masu farar riga ba. Sura ta 5 ta Lumen Gentium ta koyar da cewa duk wanda aka yi wa baftisma an kira shi zuwa tsarki, manomi ne ko malamin makaranta, mai sayar da ƙosai ko ma'aikacin gwamnati. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Maƙwabcinmu wanda ba zai taɓa shiga majami'a ba, a mudun da muke awo da shi zai karanta bishararmu, da yadda muke biyan bashi, da yadda muke riƙe marayan da aka bar mana.

Akwai wurare biyu da wannan kira yake yi mana wuya ƙwarai, ba kuwa za mu ɓoye ba. Na fari shi ne ƙabila. A ranar 10 ga Afrilu 1994 aka buɗe taron bishop-bishop na Afirka a Roma, inda aka zaɓi a kwatanta Ekklesiya da Iyalin Allah. A cikin makon nan ne kisan ƙare dangi ya ɓarke a Ruwanda, ƙasar da mafi yawan mutanenta Kirista ne, har aka kashe dubban mutane a cikin majami'un da suka gudu neman mafaka. Waɗanda suka ci gurasa ɗaya ranar Ista, su ne suka ɗauki adda a kan juna. Kada mu ce wannan na can nesa ne. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Idan zaɓen shugaban kwamitin majami'a ya koma lissafin wace ƙabila ce ta fi yawa, idan ana tambayar yaren sabon firist kafin a tambayi sunansa, to bangon ya riga ya fara tsagewa.

Na biyu ya fi zafi, wato ƙaunar wanda ya cuce mu. Ba mu manta da safiyar Kirsimeti ta 2011 ba, da bom ya tashi a majami'ar Waliyiya Tereza a Madalla mutane suna fitowa daga Misa. Ba mu manta da Michael Nnadi ba, ɗan shekara 18, wanda aka sace daga babbar seminari ta Kaduna a watan Janairu na 2020 aka kuma kashe shi. Kusan kowace parish tana da nata sunayen. Neman adalci haƙƙinmu ne, tsare majami'unmu da iyalanmu wajibi ne, Ekklesiya ba ta taɓa cewa mu yi shiru a kan zalunci ba. Amma akwai abin da masu kisa ba za su iya ƙwacewa ba sai mun miƙa musu da kanmu. Ranar da muka koya wa 'ya'yanmu ƙin maƙwabcinsu Musulmi, wanda shi ma sau da yawa ya binne nasa a hannun mutanen nan, ranar ce aka ci mu da yaƙi, ko da ba a taɓa ginin ba. Mun san faɗar wannan ta fi aikata shi sauƙi, musamman ga wanda ya wanke gawar ɗansa. Shi ya sa muka fara da bagade. Ba mai iya irin wannan gafara da ƙarfin kansa.

Ƙauna ba ta sayen siminti

Haka wani dattijo zai ce, yana kuwa da gaskiya. Dole a rufe majami'a kafin damina, dole a biya katekis, dole asibiti da makaranta su ci gaba. Paparoma Benedikt na Goma Sha Shida ya tuna mana a 2005 cewa shelar Maganar Allah, da sakramenti, da hidimar mabukata abu uku ne da ba sa rabuwa. Tambayar ita ce me yake tura hannun da yake ɗaukar bulo. Littafin Ruya ta Yohanna, sura ta 2, yana ɗauke da saƙo zuwa ga jama'ar Afisa. An yabe su saboda aiki, da haƙuri, da tsayawa kan koyarwa ta gaskiya. Ba abin da kwamiti zai nema wanda ba su da shi. Laifi ɗaya aka same su da shi, sun saki ƙaunarsu ta fari, a kan wannan kaɗai kuma aka gargaɗe su cewa za a ɗauke fitilarsu daga wurinta. Wanda ya je Afisa yau, a ƙasar Turkiyya, kufai zai tarar da masu yawon buɗe ido.

Muna roƙon kowace zumunta da kowace ƙaramar jama'ar unguwa, a taronsu na wannan wata, su karanta 1 Korintiyawa tun daga sura ta 11 aya ta 17 har ƙarshen sura ta 13 a zama ɗaya, ba tare da tsallake kome ba, domin a ji yadda jibin Ubangiji, da jiki ɗaya, da ƙauna suke bin juna. Kwamitocin majami'a kuma, kafin ma'aji ya buɗe littafinsa, a fara da waɗansu sunaye: wane ne ba a gani a Misa ba wata uku, wace gwauruwa ce ba wanda ya leƙa, wane majinyaci ne yake kwance ba a kai masa Tarayya Mai Tsarki ba, waɗanne gidaje biyu ne ba sa gaisawa. A rubuta sunayen, a raba su tsakanin waɗanda suke zaune, a kuma ba katekis na majinyata domin firist ya kai musu Sakramenti kafin Lahadin Aikin Bishara.